Shibra a Gonar Gero: Garkuwar Jiki da Ciwon Daji

Duk wanda ya noma gero a jigawa, daga Daura har Damagaram, ya san shibra, wadda wasu ke ce wa shura. Tare da gero take tsirowa, wani lokaci ma a rami ɗaya, ganyenta irin nasa, launinta irin nasa. Ranar noman firi mai fartanya zai kwashe ƙarangiya da harkiya da gogamasu ba tare da ya tsaya tunani ba, amma in ya zo kan shibra sai ya gyara mata gindi ya wuce. Sai damina ta yi nisa, gero ya fid da kai, sannan asirinta ke tonuwa: zangarniya siririya mai gashi, tsaba ƙanana, kuma kafin a zo girbi ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa ta ajiye wa baɗi iri. Ta sha takin gero, ta sha ruwansa, ba ta kai ko tsaba ɗaya rumbu ba. Abin da ya sa ta gagari manoma shi ne 'yar gida ce. Jinin gero ne a jikinta, don daga cuɗanyar geron gida da danginsa na daji ta samo asali.

Jikin ɗan Adam ma gona ce da ake nome ta dare da rana, ciwon daji kuwa shi ne shibrarta. Ƙwayar maleriya da ta tarin fuka da ta ƙyanda duk daga waje suke shigowa, su ne ƙarangiyar. Ƙwayar daji kuwa ta jikin mutum ce, ta hanta ko ta mama ko ta hanji, wadda kurakurai suka taru a rubutun gadon da ke cikinta har ta daina jin magana, tana ta hayayyafa ba tsayawa. Shi ya sa masana suka shafe fiye da shekara 100 suna ja-in-ja a kan tambaya guda: shin 'yan ƙodagon gonar nan suna ganinta kuwa?

'Yan ƙodagon su ne fararen ƙwayoyin jini, kuma waɗanda suka fi ido a cikinsu su ne ƙwayoyin T. A ɓargo ake haihuwarsu, amma a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda likitoci ke kira taimos, ake koya musu aiki. Koyarwar ba ta da sauƙi. Akan nuna wa kowace ƙwaya samfurin abubuwan jikin mai ita. Wadda ta ɗaga fartanya za ta sari gero, nan take a kawar da ita, wadda kuma ba ta gane komai ba ita ma ta mutu. Fiye da tara cikin goma ba sa fita daga wannan makaranta da rai. Waɗanda suka fita suna bin gona suna duba ganye, domin kusan kowace ƙwaya a jiki tana baje gutsattsarin abin da take sarrafawa a cikinta a kan fatarta. In gutsuren na gida ne a wuce, in baƙo ne a sare. Ka ga ke nan horon da ya hana su yi mana ɓarna shi ne kuma ya sa suke jin nauyin taɓa shibra.

Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka gwada zaburar da su likitan fiɗa ne a New York, William Coley. Ya ci karo da labarin wani majinyaci da ƙarinsa ya narke bayan wata cutar fata mai zazzaɓi mai zafi ta kama shi, sai a 1891 ya ɗura wa wani mai ƙari a wuya ƙwayoyin wannan cuta da gangan. Mutumin ya sha zazzaɓi kamar zai mutu, ƙarin kuma ya sace. Coley ya ci gaba da gwadawa a kan ɗaruruwan mutane, daga baya da matattun ƙwayoyin cuta. Wasu suka warke, da yawa ba su warke ba, kuma ba wanda ya iya faɗin dalili, har shi kansa. Da gashin ƙari da na'ura ya shigo, daga baya kemo, sai aka tura aikinsa lungu. Bajamushe Paul Ehrlich a 1909, sannan Macfarlane Burnet na Ostireliya da Lewis Thomas na Amurka a ƙarshen shekarun 1950, duk sun ce lallai jiki yana kashe ƙwayoyin daji tun suna tsiro, in ba haka ba da cutar ta fi haka yawa. Magana ce mai shiga hankali, amma hujja ta yi ƙaranci. A 1974 ma Osias Stutman ya gwada da wasu ɓeraye marasa taimos, ya ga ba su fi sauran kamuwa ba, sai aka ce magana ta mutu. Ashe ɓerayen nan da sauran garkuwarsu, ba a dai sani ba a lokacin.

Asibiti kuwa bai daina nuna alama ba. Waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da ake ba maganin danne garkuwa don kada jiki ya ƙi ƙodar, sun fi sauran mutane kamuwa da sankarar fata nesa ba kusa ba. Da ƙanjamau ya ɓulla, sankarar Kaposi mai baƙaƙen tabo ta biyo shi a baya. In aka kori 'yan ƙodago, gona takan nuna.

Gwajin da ya fi burge ni a duk tarihin nan shi ne wanda Robert Schreiber da abokan aikinsa na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka wallafa a 2001. Sun samu ɓeraye iri biyu, masu lafiyayyar garkuwa da waɗanda ba su da ƙwayoyin T ko kaɗan, suka ba su wani sinadari mai haddasa ƙari. Marasa garkuwar suka fi kamuwa, kuma da wuri. Wannan kaɗai ya wanke Burnet. Amma ba su tsaya nan ba. Suka ɗebo ƙarin daga kowane ɓangare suka dasa a jikin lafiyayyun ɓeraye. Ƙarin da ya tashi a jikin ɓera mai garkuwa, duk inda aka dasa shi sai ya kama. Wanda ya tashi a jikin marar garkuwa kuwa, kusan kashi 40 cikin 100 sabon jikin ya hallaka shi.

Manomi zai riga kowa gane wannan. A gonar da ba a taɓa nomewa ba, shibra iri-iri ce: da mai kama da gero sak, da wadda ko daga bakin hanya za ka gane ta. Kawo ta gonar da ake aiki, rabinta ba za ta kwana ba. Amma a gonar da ake nomewa kowace shekara, wace shibra ce ke kaiwa ga zuba iri? Wadda ido bai kama ba. Bana an cire mai jan gindi, baɗi an cire mai siririn ganye, aka bar mai kama, ita kuma ta haifi mai kama. Da hannunsa manomi ya zaɓi irin da zai gagare shi. Haka garkuwar jiki take yi da ciwon daji: tana kashe ƙwayoyin da suka fita daban, tana barin waɗanda suka iya sajewa. Saboda haka ƙarin da likita ya taɓa da hannunsa, wanda hoton asibiti ya nuna, ba sabon tsiro ba ne. Ragowar da ta tsallake firi da maimai ce, shekara da shekaru.

Schreiber da abokin aikinsa Lloyd Old sun kasa al'amarin mataki uku: kawarwa, zaman kankankan, sai kuɓucewa. Na tsakiyar na iya daɗewa ƙwarai. Likitoci a Sukotlan sun ba da rahoto a 2003 cewa mutum biyu da aka dasa wa ƙodojin wata mata sun kamu da melanoma, wato sankarar da ke tashi daga ƙwayoyin launin fata. Da aka bincika, ashe an taɓa yanke wa matar irin wannan ƙari shekara 16 kafin rasuwarta, kuma tun daga nan ba a sake ganin alamarsa a jikinta ba. Irin yana kwance a ƙodarta duk tsawon lokacin, an danne shi, ba a kashe shi ba. Da ya samu kansa a jikin da aka ɗaure wa garkuwa hannu, sai ya tashi.

Wannan ne ya sa nake jin takaicin masu tallar garin magani da ruwan kwalba a tasha da rediyo da Facebook, masu cewa nasu yana ƙara garkuwar jiki har ya narkar da daji. Ko da a ce yana ƙarawa, ai matsalar mai ƙari ba ƙarancin 'yan ƙodago ba ce. Ka tara gayyar mutum ɗari a gonar da shibrarta ta saje, duk ɗarin gyara mata gindi za su yi. Sau da yawa in aka yanko ƙari aka duba a madubin likita, akan tarar da ƙwayoyin T a cikinsa ko a gefensa, suna nan tsaye, fartanya a kafaɗa.

Me ya tsayar da su? Amsar wannan ce ta sauya maganin ciwon daji a zamaninmu. Mai gona mai hankali ba ya sakin 'yan ƙodago haka nan. Da safe kafin su shiga zai ja musu kunne: a yi hattara, in kuna shakka ku bari. A cikin gonar kuma yakan ɗaura tsumma a jikin abin da ba ya so a taɓa. Jiki yana da duka biyun. Jan kunnen safe shi ne wani furotin mai suna CTLA-4, wanda ke rage wa ƙwayoyin T zafi tun a kaluluwa, inda ake tashin su aiki. Ba ƙaramin abu ba ne: ɓerayen da aka haifa babu shi, cikin makonni uku zuwa huɗu garkuwarsu take cinye su. James Allison, yana Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, ya ce to a toshe shi na ɗan lokaci a gani. A 1996 ya nuna cewa ɓeraye masu ƙari sun warke da aka yi haka. Kamfanonin magani suka yi ta jan ƙafa, don an sha gwada dabarun garkuwa ana faɗuwa, sai a 2011 Amurka ta amince da maganin, ipilimumab. Cikin masu melanomar da ta bazu, waɗanda a da ba kasafai suke cika shekara ba, kusan ɗaya cikin biyar suka wuce shekara uku, kuma yawancin waɗannan suka ci gaba da rayuwa har shekara goma.

Tsumman kuwa a Kyoto ta Japan aka bi sawunsa. A 1992 Tasuku Honjo ya gano wani furotin a jikin ƙwayoyin T ya sa masa suna PD-1, ya yi shekaru kafin ya fahimci aikinsa. Ashe ido ne na ganin tsumma. Lafiyayyun ƙwayoyin jiki, in aiki ya yi zafi a kusa da su, sukan fito da wata alama, PD-L1, wadda ke ce wa ƙwayar T ta dakata. A nan ciwon daji ya fi shibra sharri, don shibra ba ta da hannun ɗaura wa kanta tsumma, shi kuwa yana da shi. Yakan lulluɓe kansa da wannan alama, ɗan ƙodago ya zo, ya gane shi sarai, ya ga tsumma, ya sauke fartanya. Magungunan da ke rufe wannan ido, nivolumab da pembrolizumab, sun fito a 2014. A 2018 Allison da Honjo suka raba kyautar Nobel.

Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ƙauyukanmu suka sani ta yaƙi da kurkunu, yana da shekara 90 a 2015 aka ga melanoma a hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Aka yi masa fiɗa da gashi, aka sa shi a kan pembrolizumab. Kafin shekarar ta ƙare hoto bai nuna komai ba. Sai a Disambar 2024 ya rasu, yana da shekara 100. A wani babban gwaji da aka haɗa magungunan iri biyu, kusan kashi 43 cikin 100 na masu melanomar da ta bazu suna raye bayan shekara goma.

Amma wanda ya ce wa 'yan ƙodago su manta da jan kunne su kuma yi watsi da tsumma, ya shirya asarar gero. Garkuwar takan juya kan hanji ta kawo gudawa mai tsanani, ko kan huhu, ko hanta, ko fata. Takan lalata 'yar tsokar wuya da ke sarrafa sinadarin tayroid har mutum ya koma shan magani iya rayuwarsa, wani ma ta jawo masa ciwon suga dare ɗaya. A gwajin haɗin nan fiye da rabin majinyatan sun gamu da illa mai tsanani. Masu cewa wannan magani ne mai laushi don da garkuwar mutum yake aiki, ba su ga ɗakin jinya ba.

Kuma mafi yawan masu ciwon daji ba ya yi musu aiki. Dalili na farko yana komawa kan kama. Sakin hannu ba ya amfani sai ido ya gane. Dajin da kurakuransa suka yi yawa, kamar melanomar da zafin rana ya haddasa wa Turawa ko dajin huhun mashaya taba, ganyensa ya bambanta da na gero sosai, shi ya sa ya fi jin maganin. Melanomar baƙar fata kuwa galibi a tafin ƙafa take fitowa ko ƙarƙashin farce, ba rana ce ta kawo ta ba, kurakuranta kaɗan ne, kuma ba ta jin maganin kamar waccan. Dalili na biyu shi ne wasu ƙarurrukan sukan kewaye kansu da tauri da sinadarai masu kashe jiki, ta yadda ƙwayoyin T ba sa ma samun shiga. Dajin fankiriyas da yawancin na furostet suna cikin wannan sahu.

Akwai wani rukuni da ya kamata mu sa wa ido. Wasu ƙwayoyin daji sun rasa na'urar gyaran kuskure a rubutun gadonsu, sai kurakurai su taru musu dubbai. Irin wannan shibra ba ta iya ɓuya. A 2022 likitocin cibiyar Memorial Sloan Kettering a New York suka ba mutum 12 masu irin wannan daji a dubura maganin dostarlimab, mai rufe idon PD-1, na wata shida. Duka 12 ƙarin ya ɓace, ba fiɗa, ba gashi, ba kemo. A Amurka masu irin wannan ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu dajin dubura ba. Amma wani bincike da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suka yi tare da wannan cibiya, aka wallafa a 2021, ya tarar da alamar a kusan kashi 28 cikin 100 na dajin hanjin 'yan Najeriya da aka auna, kusan ninki biyu na abin da aka gani a dajin hanji a can. Samfurin ba su da yawa, amma sun isa su sa a riƙa yin wannan gwaji a manyan asibitocinmu.

Wata dabarar kuma ita ce a ɗauko 'yan ƙodagon a sake musu horo. Akan ɗebi jinin majinyaci, a ware ƙwayoyin T, a dasa musu sabon ido a ɗakin gwaji wanda ke neman alama guda tak, a hayayyafa su miliyoyi, a mayar jiki. Ana kiran su CAR-T. A 2012 a asibitin yara na Philadelphia aka gwada wa wata yarinya 'yar shekara 6 mai dajin jini wadda kemo ya gaza a kanta, da ƙwayoyin da Carl June da mutanensa suka ƙera. Ta kusa mutuwa saboda tsananin zazzaɓi da faɗuwar jini da aikin ƙwayoyin ya tayar, aka ceto ta da wani maganin amosanin gaɓɓai, ta tashi babu daji. A gwajin da ya biyo baya kusan takwas cikin goma na irin yaran nan cutar ta lafa musu. Alamar da ake nema, CD19, tana jikin lafiyayyun ƙwayoyin B ma, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, don haka kuyya guda ake sharewa, gero da shibra baki ɗaya, daga baya a riƙa yi wa mutum ƙarin sinadaran kariyar da ƙwayoyin B ke samarwa. Kuma tsohon halin bai bar cutar ba: a wasu majinyatan takan dawo da ƙwayoyin da suka yar da alamar CD19 ɗungurum. An nome mai alama, marar alama ta gaji gona.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta raba mu da yawancin abin da na zayyana. Da aka amince da CAR-T na farko a Amurka a 2017, dala 475,000 aka sa masa. Pembrolizumab, allurar da ake yi duk mako uku, kowace ɗaya ta haura dala 10,000 a farashin Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin su pembrolizumab a jerin muhimman magunguna tun 2019, amma shiga jeri daban, isa hannun mai sayar da akuya ya biya kuɗin hoto daban. Indiya ta ƙera nata CAR-T ta amince da shi a 2023 a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka, abin da ke nuna tsadar ba daga sama aka saukar da ita ba. Abin mamaki kuma, ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan garkuwa da suka tabbata yana damtsen kusan kowannenmu: allurar BCG ta tarin fuka da ake yi wa jarirai, tun 1976 likitoci ke ɗura ta cikin mafitsara don ta tayar da garkuwa a kan dajin mafitsarar da bai yi zurfi ba.

Inda muke da rabo a hannu yau shi ne dajin da baƙuwar ƙwayar cuta ke shukawa, don ita ƙarangiya ce, ido na ganinta in an nuna masa da wuri. Kusan duk dajin bakin mahaifa bairos ɗin HPV ne ke kawo shi, kaso mai yawa na dajin hanta a ƙasashenmu kuma daga ciwon hanta nau'in B yake tasowa. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta a 1984, dajin hanta ya ragu sosai a tsakanin yaranta. A Ingila 'yan matan da aka yi wa rigakafin HPV suna shekara 12 zuwa 13, dajin bakin mahaifa ya ragu a cikinsu da kusan kashi 87 cikin 100. Najeriya ta fara wannan allura a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kyauta, sau ɗaya tak. Ta ciwon hanta kuwa ana son jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haife shi.

Mai 'ya a waɗancan shekaru ya kai ta a yi mata allurar HPV. Wadda ta ji ƙullutu a mama, ko take ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, da wanda ke ganin jini a bayan gida ko baƙin tabo mai faɗaɗa a tafin ƙafa, su je asibiti a yanki tsoka a auna tun abin yana wuri ɗaya, lokacin da wuƙar likita kaɗai kan iya raba su da shi.